Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Sufurin Jiragen Sama: Kada A Kama Mu Da Laifin Mai Ɗawisu

Zuwa ga Mai Girma Babban Daraktan hukumar NCAA mai sa ido kan sufurin jiragen sama a Najeriya, da shugabannin kamfanonin jiragen da ke ɗibar fasinja a ƙasar nan.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya yi riƙo da hannunku a kan nauyin da ya ɗora muku.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, Jihar Jigawa. Kafin in zama malami, ɗan jagora ne ni. Ƙyanda ce ta tafi da idanun mahaifina tun yana yaro, ni kuma ina shekara shida aka damƙa mini bakin sandarsa, ina gaba yana baya, ranar kasuwa da ranar Juma'a, har ƙanena ya tasa ya karɓe ni. Sai da na kai shekara goma sha ɗaya na shiga aji ɗaya. Na faɗi haka ne don ku san bakin wa na ara. Makafi da guragu da kurame na yankinmu ne suka zauna a zauren Sarkin Makafi bayan La'asar, Sarkin Guragu yana wurin, suka ce tunda ni na yi boko, in rubuta muku. Ku a ofis kuna ce musu masu buƙata ta musamman, mun gode da karamcin. Su dai a nan da sunayensu na gida suka ce in kira su.

Abin da ya tara mu shi ne wani saƙo da ejan ɗin da ke shirya wa mutanenmu tafiyar Umara ya kawo. Ya ce kamfanin jirgin da yake hulɗa da shi ya gaji da masu ƙaryar rashin lafiya, saboda haka duk wanda yake son a tura shi a keke a filin jirgi sai ya zo da sabuwar takardar likita. Maganar ƙarya gaskiya ce, na gani da idona, zan zo kanta. Amma maganin da aka ɗauko ba maƙaryacin zai sha ba, mu za mu sha.

Ka yi mini haƙuri in ɗauko zancen daga nesa, domin an taɓa yin irin wannan a Amurka, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wani tsohon ɗalibina da ke karatu a can shi ya fara ba ni labarin, na ɗauka zolayata yake yi, sai da na bibiya.

Tun 1986 suke da dokar da ta hana kamfanonin jirgi nuna wa naƙasassu bambanci. Makahonsu ba yaro ke jansa ba, wani ma kare ne ke jansa. A kan kwashe wajen shekara biyu ana renon karen ana horar da shi, ya san ya tsaya a bakin titi, ya kauce wa rami, ya kwanta lamo a gindin kujera awa da awanni, ba haushi ba fitsari. Tun 1929 suke da makarantar wannan aiki. Karen da ubangidansa tare suke shiga jirgi, ba a karɓar ko sisi a kansa. Da na ba Baba wannan labari cewa ya yi a'uzu billahi, kare a jirgi? Can kuma ya yi shiru, ya ce, "Amma fa da ina da irinsa, da ka shiga makaranta da wuri." Malamanmu na Malikiyya ma ba su ɗauki kare mai rai najasa ba, hadisi kuma ya halatta karen farauta da na kiwo da na gona. Wannan fagen malamai ne, ba shi ya kawo ni ba.

A 2003 sai hukumar sufurinsu ta ƙara buɗe ƙofar. Ta ce wanda ke fama da ciwon damuwa ko firgita, idan likitan ƙwaƙwalwa ya ba shi takarda cewa zama kusa da dabbarsa yana kwantar masa da hankali, shi ma ya shiga da ita kyauta. Dabbar ɗebe kewa ke nan. Ita ba a ce sai an horar da ita ba, takarda kawai. To, ɗan Adam ina ya ga ɓaraka ya ƙyale? Shiga da kare ko kyanwa ta gida a lokacin ya kai dala 125 a tafiya ɗaya. Sai shaguna suka ɓullo a intanet, ka amsa 'yan tambayoyi, ka biya, a turo maka takarda, har da 'yar riga mai rubutu da za ka ɗaura wa dabbar. Ƙungiyar kamfanonin jiragensu ta ƙiyasta an ɗauki irin waɗannan dabbobi 481,000 a 2016, shekara guda bayan nan suka koma 751,000. Ba annobar damuwa ce ta sauka cikin wata goma sha biyu ba, hanyar tsira da kuɗi aka gano.

Daga nan abin ya zama wasan yara. A 2014 an sauke wata mata da aladenta daga jirgi a jihar Konetikat bayan ya ɓata hanyar wucewa da kashi. A Janairun 2018 wata ta isa filin jirgin Newark da ɗawisu, jela har ƙasa, ta ce shi ne mai rarrashin zuciyarta, kamfanin United ya ce ba da shi ba. A Oktoban shekarar kuma a Orlando sai da aka sauke fasinjoji kaf aka kira 'yan sanda, saboda wata ta kafe sai ta tafi da kurege. Waɗannan na dariya ne. Na 2017 ba na dariya ba ne: a Atlanta, cikin jirgin Delta, wani ƙaton kare da ke kan cinyar mai shi ya kama fuskar mutumin da ke zaune ta taga, babu inda zai gudu, sai da aka yi masa ɗinki 28. Kamfanin da kansa ya ce daga 2016 zuwa farkon 2018 cizo da fitsari da sauran ɓarnar dabbobi a jiragensa sun ƙaru da kashi 84 cikin ɗari.

A Disambar 2020 hukuma ta rufe ƙofar, dokar ta fara aiki a Janairun 2021. Dabbar ɗebe kewa ta koma dabbar gida kamar kowace. Kare kaɗai aka yarda da shi, shi ma wanda aka horar don wani aiki takamaimai, kuma kamfani yana da ikon ya ce sai an cike takardar hukuma awa 48 kafin tashi.

Ranka ya daɗe, dubi wanda ya biya bashin. Mai ɗawisu ta koma gida da ɗawisunta, ba abin da ya taɓa ta. Mai ƙaryar kare ya ci gaba da biyan dalolin da dama yana da su. Amma matar da ciwon firgita ke hana ta numfashi a sama, wadda kyanwarta ce kaɗai ke saukar mata da shi, yanzu ko ta biya ko ta haƙura da tafiyar. Makaho kuwa, wanda ya shekara ashirin yana shiga jirgi da karensa ba wanda ya tanka masa, shi ne aka miƙa wa takardar da ba ya gani ya cike, kuma makafi da dama a can sun koka cewa an tare su a bakin ƙofa saboda ita. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Mu nan ba mu da ɗawisun rarrashi. Ɗawisunmu keken guragu ne.

A azumin da ya wuce na raka Baba Umara. Sa biyu da amfanin shekara suka tafi a kan wannan tafiya, yayana ya cika sauran. A ayarinmu akwai maƙwabcinmu mai gyaran takalma, shan inna ta nannaɗe masa ƙafafu tun yana goye. Kekensa mai ƙafa uku, irin wanda ake tuƙawa da hannu, wanda 'yan'uwansa guragu ke ƙerawa a Kano, aka karɓa aka ce sai cikin kaya, za a kawo masa na filin jirgi. Muka zauna jira. Ina kallo wani bawan Allah ya sauko daga mota da ƙafarsa, babbar riga tana ɗaukar ido, waya a kunne, jaka a hannu, ya taka har cikin zaure yana dariya. Ya yafito mai tura keke, ya cusa masa wani abu a aljihu, ya zauna ya lanƙwasa wuya. Kafin in ƙifta ido an wuce da shi gaban layin mutum ɗari biyu. Wani ya gani ya kwaikwaya, na uku ya bi. Da aka zo kan maƙwabcinmu, keke ya ƙare. Ya sa silifa a tafin hannuwansa, ya ja jiki a kan tayil, tsakanin ƙafafun mutane da tayoyin akwatuna, azumi a bakinsa.

Da muka sauka, mai babbar riga bai ma jira keke ba, da gudu ya fita don kada a riga shi layin shiga ƙasa. Bayan kwana biyu na gan shi a tsakanin Safa da Marwa, wajen koren fitilun nan, yana sassarfa kamar saurayi. An ce ma'aikatan jirgi a ƙasashen Turawa har suna suka laƙaba wa irin wannan tafiya, wai jirgin mu'ujiza, a shiga da gurgunta a fita da gudu. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda mutumin ya nufa da ƙaryarsa.

Wannan ne kukanmu na farko, kuma ba kan alhajin kaɗai yake ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ba ya zama gurgun ƙarya sai don layi ya yi tsawon da ba shi da dalili, babu kujerar zama, kekunan ba su kai yawan yatsun hannu ba, mai turawa kuma abin da ake cusa masa a aljihu ya fi albashinsa.

Na biyu shi ne wannan takarda ta likita. Wanda ya yanke shawarar, ina jin a birni yake, likita abokinsa ne, waya ɗaya ta isa. A wurinmu takardar likita tafiya ce. Gurgu zai nemi mai babur da zai yarda ya ɗauke shi zuwa bakin titi, ya biya kuɗin mota na mutum biyu don dole da mai ɗaga shi, ya yanki kati a babban asibiti, ya bi layi, a ce likita ya shiga tiyata, a dawo jibi. Duk don a rubuta cewa ƙafar da ta shanye shekara arba'in da suka wuce har yanzu ba ta miƙe ba. Shi kuwa mai babbar riga, wanda ya iya sayen keke a bainar jama'a, takarda ce za ta gagare shi? Amurka ma da takarda suka fara, kun ji inda ta kai su. Duk ƙofar da takarda ke buɗewa, mai kuɗi ne zai riga shiga.

Akwai kuma waɗanda ciwonsu ba ya fitowa a ido, kuma su nake fi jin tsoro wa. Mai sikila yana iya takowa daga mota lafiya lau, tsayuwar awa biyu ta kwantar da shi. Haka tsohuwa mai ciwon gwiwa, haka mai ciwon zuciya, haka mai ƙaramin ciki. Tun da maganar ƙarya ta yi yawa, ma'aikata suka koma kallon kowa da ido ɗaya. A dawowarmu na ji wani matashin ma'aikaci yana ce wa wata dattijuwa da ta haifi uwarsa, "Hajiya, ai ɗazu na ga kina tafiya." Ba ta ce masa komai ba, ta dafa bango. Ciwon rai ma haka yake, kuma ba na yi wa Turawa dariya a kan asalin maganarsu. A unguwarmu akwai gwaggon da 'ya'yanta biyu suka rasu a shekara guda, ba ta magana da kowa sai wata akuya da ke kwana a ƙofar ɗakinta, ranar da aka sayar da akuyar ba da saninta ba sai da ta kwanta ciwo. Wanda ya san Bafulatani da saniyarsa ba zai musa ba. Buƙatar gaskiya ce, masu ɗawisu ne suka mayar da ita abin ba'a.

Sai maganar da ta fi taɓa ni, ta ɗan jagora. A Amurka karen jagoran makaho kyauta yake shiga jirgi. A nan jagoran makaho mutum ne, cikakken tikiti ake yankar masa. Makanta ta zama haraji, duk tafiyar da mai ido zai yi da kuɗi ɗaya, makaho da biyu zai yi ta. Bayan mun biya biyun kuma, aka ba Baba kujera a gaba, ni a can baya, sai da na roƙi wani fasinja ya yi mana musaya. Aka yi bayanin bel da rigar ruwa da ƙofar gaggawa da Turanci da nuni da hannu. Baba ba ya jin Turanci, ba ya ganin nuni. Da wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, bai san ko ina ƙofa take ba. Kurame su ma sun ce in faɗa muku, idan an sauya ƙofar shiga ko an ɗaga lokaci, a lasifika ake sanarwa, su sai dai su ga zaure ya watse.

Hawa jirgin kansa ba zan tsawaita ba, don akwai kunya a ciki. Mutum biyu suka ɗauki maƙwabcinmu, ɗaya hammata ɗaya ƙafafu, suka hau matakala da shi kamar buhun gero, rigarsa ta yaye, mata suna kallo. Magidanci ne mai 'ya'ya bakwai. Da muka dawo gida aka fito da kekensa daga cikin kaya, sarƙa a tsinke, ƙafar gaba a lanƙwashe.

Ranka ya daɗe, ba alfarma muke nema ba. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ambaci kamfanonin jirgi da sunan aikinsu: su tanadi kekuna masu kyau masu aiki, su taimaka wa naƙasasshe ya hau ya sauka cikin aminci, a ba shi fifiko. Ta sa tarar naira miliyan ɗaya a kan kamfanin da ya nuna bambanci, mutum ɗaya kuma naira 100,000 ko wata shida a gidan yari ko duka biyun. Ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-gine da ababen hawa, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Mun ji a rediyo yadda aka rufe wani gidan abinci a filin jirgin Legas a Maris ɗin 2024 saboda an kori mai keke. Mun ji daɗi, amma mun lura ɗan babban gida ne, yana da waya, yana da masu jin muryarsa. Mai gyaran takalma na ƙauyenmu ba shi da ko ɗaya.

Ga abin da zauren ya ce in roƙa.

Ku hana kowane kamfani neman sabuwar takardar likita daga wanda naƙasarsa ta zama ta har abada. Dokar nan ta tanadi takardar shaidar naƙasa, ta kuma mayar da samunta ta hanyar ƙarya laifi. To, ku haɗa hannu da hukumar naƙasassu ta ƙasa a riƙa bayar da ita sau ɗaya, a sakatariyar ƙaramar hukuma, ba sai an je Dutse ko Abuja ba. Sarakunan makafi da na guragu da dagatai su zama masu shaida, sun san nasu ɗaya bayan ɗaya, ba a yi musu ƙaryar ƙafa. Wanda kuma ya zo a kan kekensa ko da sandarsa da jagoransa, kada a tambaye shi komai.

A riƙa tambayar mai buƙatar keke tun wajen yankar tikiti, a ƙirga, a tanadi abin da zai isa kafin ranar. Wanda ya nema tun farko shi ke da keken, ba wanda ya fi saurin kai hannu aljihu ba. Mai turawa a biya shi abin da zai riƙe shi, sannan duk wanda aka kama ya sayar da keke a hukunta shi tare da mai sayen. A nan ne za ku kama maƙaryaci, ba a asibitin ƙauye ba. Ku sa kujeru a bakin layi, ku ware layin tsofaffi da marasa lafiya da ba sai an hau keke ba. Rabin masu ƙaryar za su warke a ranar.

Ɗan jagoran makaho a rage masa kuɗin tikiti, ko rabi ne, a zaunar da su kafaɗa da kafaɗa. Makahon da ya zo shi kaɗai a haɗa shi da ma'aikacin da zai riƙe shi daga ƙofa zuwa kujera. A jiragen da ke tashi daga Arewa a yi bayanin kariya da Hausa, makaho kuma a kama hannunsa ya taɓa bel da rigar ruwa, a ƙirga masa kujeru nawa ne tsakaninsa da ƙofa. Duk sanarwar da aka yi a lasifika a rubuta ta a allo. Kowane filin jirgi ya kasance da motar nan mai ɗaga mara lafiya har ƙofar jirgi, mai aiki, ba wadda aka jingine ana jiran kayan gyara ba.

Maganar dabbobi ma kada ku ce ta yi mana nisa. 'Ya'yanmu suna fita waje suna dawowa, wata rana makaho ɗan ƙasar nan zai sauko da karen jagoransa, abin da intanet ta koya wa Ba'amurke kuma za ta koya wa ɗan Najeriya. Ku fito da ƙa'idarku fili tun yanzu, da harsunan da mutane ke ji, ta raba horarren kare da dabbar sha'awa, don kada a wulaƙanta makahon, kada kuma wani ya zo da ragon layya ya ce na ɗebe kewa ne. Kuma ku ba mu lambar waya ta kai kuka wadda mai jin Hausa zai ɗauka.

Baba ya ce in gaishe ku, ya ce yana da niyyar Hajji idan da rai, kuma ba zai je asibiti a rubuta masa cewa shi makaho ne ba. Maƙwabcinmu bai aiko da gaisuwa ba. Tun da muka dawo bai fita kasuwa da kayan aikinsa ba, keken yana jingine a zaurensa, mai walda ya ce sai an sayo sabuwar ƙafa daga Kano. Ya ce in tambaya masa wa zai biya. Takardar da aka liƙa wa keken a filin jirgi tana wurina, lambar ba ta goge ba.

Wassalam. Allah ya ba ku ikon yin adalci.

Naku,
Malamin firamare, tsohon ɗan jagora,
a madadin makafi da guragu da kurame na yankinmu,
ƙasar Ringim, Jihar Jigawa.